Akwatin Tambayoyi: Ina Gishirin Yake Ɓuya?

Masu karatu, assalamu alaikum. Daga nan Tawa nake rubuto muku, a zaure, don Afirilu ya shigo da zafinsa, ɗaki ba ya zaunuwa. Wasiƙun wannan wata sun fi ƙarfin shafin da aka ba ni, kuma galibinsu a kan tansiyo ne, wato hawan jini, da nauyin jiki. Na ɗauki biyar. Sauran ku yi mini haƙuri zuwa fitowa ta gaba.

Tambaya: Hajiya, barka da aiki. Ni falken albasa ne, ina lodi daga Galmi in kai Yamai. Shekarata 52. Kwanan baya kaina ya dinga sarawa ta ƙeya, na je likita, aka ɗaura mini abin awo aka ce 16 da 10. An rubuta mini ƙwaya, an ce in rage gishiri. To ni ban taɓa barbaɗa gishiri a kan abinci ba, kuma tuwon hatsi da miyar kukar da nake ci su mahaifina ya ci har ya haura tamanin, bai san wani abu wai shi tansiyo ba. Ina gishirin da za a rage yake?
*Wani Alhaji, daga Galmi*

Amsa: Alhaji, Allah ya ba ka lafiya. Mu fara da ƙwayar: ka sha ta kullum a lokaci guda, ko kan na ciwo ko ba ya ciwo. Daga 14 da 9 ake cewa jini ya hau, kai kuwa kana 16 da 10.

Gishirin yana nan, a tukunya yake. Sunan miyar ne kawai bai sake ba. Wadda mahaifiyarka ta kaɗa wa mahaifinka, kuka ce da daudawa da barkono da ɗan gishiri a bakin yatsu uku. Ta yau, a yawancin gidajenmu, sai an jefa dunƙule uku ko huɗu, a zuba gishiri, a ɗiga arom, ruwan ɗanɗanon nan na kwalba, in kuɓewa ce ko wake a ƙara da kanwa. Dunƙulen nan kusan rabinsa gishiri ne. Kanwa kuma ɗanjuma ne da ɗanjummai ita da gishiri, abin da ke tayar da jini yana cikinsu duka biyun. Ga shi kai mutumin hanya ne. In mota ta tsaya Konni ko Dogon Dutsi ko Doso, me ake kawo maka? Tsire da yaji, kilishi, burodi da sardin na gwangwani, taliyar leda. Wata rana ka lashi yajin nan shi kaɗai ba nama, harshenka zai ba ka amsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muke kira OMS, ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a wuni. Ƙaramin cokalin shayi guda ke nan, a shafe, ba mai tudu ba. Kuma lissafin ya haɗa har da na dunƙule da na burodi da na yaji. Dalilin kuwa kai ka fi ni saninsa, tunda kun saba da injin ban-ruwa a gonakin albasa. Gishiri yana riƙe ruwa a jiki. In ruwa ya yi yawa a hanyoyin jini, zuciya sai ta riƙa turawa da ƙarfi kamar injin da aka matse wa tiyo. Shekara ta bi shekara, zuciya ta gaji, ƙoda ta gaji, ko wata ƴar jijiya a ƙwaƙwalwa ta toshe ko ta fashe.

Maganar mahaifinka, Allah ya jiƙansa, ka tuna ƙafarsa ce motarsa, kuma da hauya ya ci da ku. Ka kuma tuna sa'o'insa nawa ne aka ce "faɗuwa ya yi a gona", aka ɗora wa iska, alhali ba wanda ya taɓa auna jininsu.

Bari in gaya maka abin da ya sa ba na ɗaukar wannan magana da sauƙi. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina aikin jinya. Abin awon tansiyo kullum yana cikin jakata, na auna maƙwabta, na auna dangi, har mai kawo mana ruwa na auna. Maigidana kaɗai ban aunawa, saboda bai taɓa cewa wani wuri na masa ciwo ba. Wata asuba yana tsugune yana alwala, ina daga ɗaki na ji buta ta faɗi. Na leƙo na tarar yana ƙoƙarin ɗaukarta da hannun dama, hannun ya ƙi. Ya ɗago ya dube ni, bakinsa ya karkace, yana son kiran sunana harshe ya ƙi juyawa. Da na ɗaura masa abin awon da ke rataye taku biyar daga shimfiɗarsa, 21 da 12 na gani. Allah ya yi da sauran kwana, yau yana zuwa masallaci da sanda. Amma hannun da ya yi shekaru yana rubutu a allon lakwal bai ƙara riƙe alli ba. Hawan jini ba ya sallama, Alhaji. Kai ka yi sa'a da kanka ya sara.

Tun daga ranar tukunyar gidana ta sake, kuma tukunya guda nake yi wa kowa. Ba na son a ware wa mara lafiya tasa miyar lami, ga ta sauran gida tana ƙamshi a gefensa. Kwana uku zai yi ya koma. Ban yanke dare ɗaya ba. Daga dunƙule huɗu na koma uku, na yi mako biyu a haka ba wanda ya lura, sannan biyu, yanzu guda nake sawa a tukunyar mutum tara, wata rana ma babu. Harshe yana sabawa cikin ƴan makonni, har ka zo ka ci abincin biki ka ji gishirin ya yi maka yawa. Gurbin da aka bari kuma ana cike shi: daudawa mai kyau, tafarnuwa, citta, masoro, kimba, tattasai, ɗan lemun tsami a kan kwaɗo. Ga albasa. Ta Galmi da ake nema har ƙasashen gaɓar teku, kai a tsakar gidanka take jibge. A soya ta a hankali har ta yi ja, ka ga ko miya za ta nemi wani abu. Ɗan gishirin da za a sa kuma a sayi mai iyod, saboda maƙoƙo.

Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka shiga gida da faɗa. Matan nan ba don mugunta suke cika dunƙule ba. Ku maza ku ne in miya ba ta yi zau ba kuke ture kwano, in gida mai kishiyoyi ne kuma kowace tana tsoron a ce girkin waccan ya fi. Ka tara su ka ce likita ce ta ce, kuma kai ke roƙo. Ranar da aka rage, ka ci ka yaba.

In ka taɓa ganin baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta harɗe, naka ne ko na wani, ba a jiran gari ya waye, ba a tsayawa shafa mai. A ɗauka sai likita.

Tambaya: Inna, ina wuni. Ni tela ne a Bukoki, shekarata 29. Daga safe zuwa magariba ina kan keke, da dare ina fada da abokai muna shayi har na uku. Da rana nakan sha lemun kwalba guda ko biyu saboda zafi. Cikin shekara biyu wandunana duk sun matse ni. Abokai na cewa kuɗi ne suka fara zama, amma ni hawa bene ɗaya sai in ji numfashina na fita. Babata tana da ciwon sukari. Me zan yi?
*Tela, daga Yamai*

Amsa: Ɗana, kayan awonka na rataye a wuyanka. Ɗauki santimitar da kake auna mutane da ita, ka zagaya cikinka daidai cibiya, da safe, ba tare da ka shanye ciki ba. Bai kamata ya kai rabin tsawonka ba. In tsawonka 170 ne, to ƙugu ya tsaya ƙasa da 85. Ka rubuta abin da ka samu a bayan littafin awon kwastomominka, ka sake aunawa duk farkon wata. Tumbi a shekara 29 ba alamar arziki ba ne. Kitsen da ke taruwa a ciki shi ya fi kowane janyo ciwon sukari, ga shi kuma akwai shi a gida.

Yanzu mu yi lissafi. OMS ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce kamar giram 50 a wuni ga babba, in ma an tsaya a 25 ya fi. Ƙwayar sukari guda ta kai wajen giram 5. Kwalba ko gwangwanin lemo na santilita 33 yana ɗauke da kusan giram 35, wato kamar ƙwaya bakwai. Biyu a rana, ka riga ka wuce iyaka tun ba a hura gawayin shayi ba. Daren yau ka zauna kusa da mai dafawa, ka ƙirga abin da yake zubawa a buta a na farko da na biyu da na uku, ka raba da yawanku. Za ka sha mamaki.

Ba zan ce ka bar fada ba. Na haifi samari, na san a can ake jin labarin aiki, a can ake haɗa kuɗin suna da na jinya. Ka ce a tsiyaya maka naka kafin a zuba sukari na ƙarshe, ko ka tsaya a kofi guda. Lemun kwalba kuwa ka mayar da shi abin ranar Juma'a. Ba ya kashe ƙishirwa, ruwan randa ke kashe ta. Soɓo da lemun tsamiya da ake ƙullawa a leda su ma sukarinsu ba kaɗan ba ne, kada launinsu na gida ya ruɗe ka.

Sai ƙafa. Ranar da za ka sayo zare da yadi a Babbar Kasuwa, tafi a ƙasa, ka dawo a taksi in kaya sun yi nauyi. Duk sa'a guda ka tashi daga kan keke ka miƙe, ka je ka dawo. In kana son abokan tafiya, je filin wasa na Seyni Kountché da sassafe ko da la'asar sakaliya, za ka tarar da manya da yara suna zagaye. Kuma cikin wannan watan ka je a auna maka sukari da safe kafin ka ci komai. In ya kai giram 1,26 a lita, a sake aunawa, likita ta ɗora ka a hanya. Yawan ƙishirwa, yawan fitsarin dare, rama ba dalili, in ka ga ɗaya daga ciki kada ka jira ƙarshen wata.

Tambaya: Yaya Hajiya, ni matar aure ce, shekarata 41, haihuwa shida. Jikina ya yi nauyi, gwiwoyina na ciwo har sallah nakan yi a zaune wani lokaci. An ce in riƙa motsa jiki, amma ina zan je? In na fita ina gudu a unguwa me za a ce? Maigida ma ba zai bari ba. Wata ƙawata ta kawo mini shayin rage ƙiba, in sha?
*Ƙanwarki, daga Sabon Gari, Tawa*

Amsa: Ƙanwata, ajiye shayin nan. Yawancin irinsu zawo suke sawa ko yawan fitsari, ruwan jiki ke fita, kitse yana nan inda yake, a wannan zafi kuma ƙodarki ce za ta ji jiki. Haka nake faɗa wa ƴan matan da ke shan ƙwayoyin ƙiba kafin aure. Wasunsu kumbura fuska suke yi, su tayar da jini da sukari.

Ba wanda ya ce ki yi gudu, gwiwarki ma ba ta so. Abin da ake nema minti 150 ne a mako, wato rabin sa'a sau biyar, kuma ana iya tsinka shi goma-goma. Tafiya ce mai ɗan sauri, wadda za ki iya magana da ta kusa da ke amma ba za ki iya rera waƙa ba. Ni da maƙwabtana uku muke fita bayan sallar asuba, da hijabanmu, da takalma masu taushi, kowace da ƴar gorar ruwa. Da muka fara, wata tsohuwa mai ƙosai ta tsayar da mu ta ce wa ya rasu. Yanzu in ɗayarmu ba ta fito ba ita ke tambaya ko lafiya. Asubar ce lokacinmu, don a watannin nan zafi kan haura digiri 40, ba a wasa da rana.

Iyayenmu na Adar ba su san wata kalma motsa jiki ba. Sun yi daka, sun ja ruwa a rijiyoyi masu zurfi, sun ɗauko itace a ka. Ba na fatan wahalar ta dawo, na ga bayan da ta karya, na ga cikin da ta zubar. Injin niƙa da famfo rahama ne. Sai dai aikin ya tafi, malmalar tuwon ba ta ragu ba, ga shinkafa da taliya da mai sun ƙaru a kai.

In fita ba ta samu ba, tsakar gida ta isa. Ki zauna a kujera ki miƙe ba tare da dafa komai ba, sau goma, ki huta, ki sake. Wannan shi ke ƙarfafa cinya, cinya kuma ita ke ɗauke wa gwiwa kaya. Ki cika gorunan lita ɗaya da rabi guda biyu ki riƙa ɗagawa. Ki karɓi tsintsiya daga hannun yara wata rana. Ki rufe ƙofa ki kunna rediyo ki taka rawa ke da ƴaƴanki mata. Ko kilo biyar kika sauke za ki ji bambanci a sujada, domin kowane kilo guda da ya tafi yana rage wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku. In gwiwar ta kumbura ko ta yi zafi a taɓa, a duba ta tukuna.

Maigida kuma ki same shi a lokacin da ransa ke sanyi. Ki tuna masa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, ta tsere masa, bayan shekaru da jikinta ya yi nauyi suka sake shi kuma ya tsere mata. Ki ce ya raka ki. Shi ma a auna nasa jinin.

Wajen ci, kada ki zauna da yunwa, ba ta ɗorewa. Ki rage malmala, ki yawaita miya da ganye. Kwaɗon zogala, rama, yakuwa, kabeji da karas da salati na lambunan rani, wake ko da sau uku a mako. Hatsinmu ya fi farar shinkafa riƙe ciki, ya fi ta ƙara jini. Fura da nono abinci ce mai kyau, sukarin da muke dama ta da shi ne matsala. Mai kuma ki daina tuttulawa daga bakin galan, ki auna da cokali. Dambun da mai ke kwanciya a gindin kwano ya tashi daga abincin lafiya. Tunda kin yi haihuwa shida, ki bar shayi ya yi sa'a guda tsakaninsa da abinci, yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe mai ƙara jini.

Tambaya: Hajiya, an ce soɓo na sauke tansiyo. Tun da na fara sha na ji daidai, na ajiye ƙwayoyina. Na yi daidai?
*Wani malamin lakwal, daga Madawa*

Amsa: Malam, ba ka yi daidai ba, ka koma wa ƙwayarka yau. Soɓo marar sukari yana ɗan sassauta jini, ka sha abinka, amma bai kai ya tsaya a madadin magani ba. Jin daidai kuma ba awo ba ne. Maigidana daidai yake ji har asubar da na ba da labari a sama. Ka je a auna ka, ka faɗa wa wanda ya rubuta maka maganin kwana nawa ka yi ba ka sha ba. In tsada ce ta sa ka ajiye, faɗa masa wannan ma ba kunya, akwai masu sauƙin kuɗi.

Tambaya: Hajiya, ɗiyata ta zo wankan gida, haihuwar fari. Ina dama mata kunun kanwa safe da yamma kamar yadda aka yi mana. Ungozomar likita ta ce in daina. Mu da aka yi wa me ya same mu?
*Wata kaka, daga Kaita*

Amsa: Ƴar'uwata, barka da arziki, Allah ya raya. Ni ma an dama mini shi, na kuma dama wa wasu kafin in gane. Ki bi maganar ungozoma. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan masu jego da zuciyarsu ke kasawa, suka ga abin yana tafiya tare da kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon wuta. Jikin mai jego yana ƙoƙarin fitar da ruwan da ya tara wata tara, kanwa kuma tana riƙe shi, zafi ya ƙara wa zuciya aiki. Mu da muka tsira muna nan muna ba da labari. Waɗanda aka ce "sanyin jego ya kama su", suka kumbura suka tafi suka bar jarirai, na yi jinyar wasunsu da hannuna.

Ki ci gaba da dama mata kunun hatsi, da gyaɗa ko da tsamiya, ba kanwa. Ki ba ta nono da wake da ganye da ɗan nama ko hanta in an samu, da ruwa isasshe. Yawan ba jariri mama shi ke kawo ruwan nono. Ruwan wanka ya zama mai ɗumi wanda hannunki zai iya zama a ciki. In kin ga ƙafafunta sun kumbura, ko numfashi na yi mata wuya in ta kwanta, ko tari na tashe ta da dare, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ku tafi likita a ranar. Ko ba ki ga komai ba, ki sa a auna tansiyonta kafin suna, a sake aunawa kafin ta yi arba'in.